Waken Inna Mai Zane

Mutumin bai yi mini sallama ba. Ina durƙushe ina cire ciyawa a ɗan filina wata Asabar da hantsi, sai na ga ƙafafu biyu cikin safa da takalmi sandal sun tsaya a gabana. Na ɗaga kai na ga wani dogon Bature tsoho, da malafa a kansa irin ta masu kiwo, ya sunkuya ya kama ganyen wakena ya birkice shi, yana leƙa bayansa da wani ɗan gilashi da ya rataya a wuya da igiyar takalmi. Ni da na shuka waken, ko kallo ban ishe shi ba.

Na yi gyaran murya. Ko a jikinsa. Na ce masa da Turanci, cikin muryar da nake yi wa 'yan dubiya masu taurin kai a asibitin da nake aikin jinya, ko akwai abin da ya ɓace masa a nan. Sai ya ɗago ya dube ni, ya dubi ɗankwalina, ya buɗe baki ya ce, "Hajiya, wanga wake, ina kika samo shi?"

Hausa ce sosai, amma Hausar tsofaffin Maraɗi, ta fito ta hanci, an yayyafa mata Faransanci. Kafin in gama mamaki ya ƙara da cewa, "Shina da ciwo. Ciwo mai kyawo ƙwarai, na daɗe ban ga irinai ba." Yana faɗa fuskarsa tana haske, kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

Lambun namu yana University Heights ne, a yankin Bronx na birnin New York, wani fili tsakanin dogayen gidaje biyu wanda da can juji ne, aka share shi aka yanka shi akwati-akwati da katako. Kowa da nasa, bai fi tsawon tabarma biyu ba. Mu 'yan Afirka mun kusa rabi, da yakuwarmu da kuɓewarmu da gauta. Sauran mutanen Dominika ne da wasu tsofaffin baƙaƙen Amurka, su kuma tumatir da barkono da nasu irin waken. Ni wake kawai nake shukawa, kuma ba kowane wake ba, waken Innata.

Da Inna ta rasu na je gida gaisuwa, a ƙauyenmu da ke bayan Bichi. Ranar da zan dawo Yayata ta ɗebo mini wake cikin tulun da Inna take ajiye iri, ta ƙulle a tsumma ta ce ga gadona. 'Yan'uwa sun raba zannuwa da kwanuka, ni wannan ƙullin na zo da shi New York. Shekarar farko da na shuka, yawancinsu suka fito kore shar kamar waken kowa. Amma guda uku ko huɗu suka fito da zane a ganye, ɗigo-ɗigo rawaya da fari-fari, ganyen ya ɗan tattare kamar atamfar da ba a goge ba. Ina ganinsu hawaye ya zubo mini, domin na san wannan ganyen. Tun ina yarinya, duk ranar da za a yi kwaɗo ko dambu, Inna takan miƙo mini ƙwarya ta ce, "Je ki tsinko ganyen wake. Masu zane fa, kada ki taɓa sauran." To me yarinya za ta fahimta? Masu zanen su ne na musamman, su ne na gidanmu. Haka na girma da shi a raina.

Saboda haka da suka nuna, na dafa waken masu koren ganye na cinye, na ware na masu zanen na adana a kwalbar zuma. Shekara ta biyu masu zanen suka ƙaru. Na sake zaɓa. A shekara ta huɗu filina gaba ɗaya ya zama zane, ina tsayawa ina kallonsa ina jin daɗi. Wake kam bai fi cikin kofi biyu nake samu ba, ƙanana, a yamutse, amma ina da amsa a shirye: sanyin ƙasar nan ne, ƙasar Amurka ba ta san waken Hausa ba. Kuma duk kaka sai in ƙulla iri kaɗan-kaɗan a leda in bi maƙwabta ina rabawa, ina cewa sadaka ce, irin Innata ne, a sa ta a addu'a. Har matan Dominika sun karɓa suna godiya, duk da ban san wace addu'a suka yi ba.

Wannan waken ne wani tsoho mai safa da sandal ya tsaya a kansa yana ce mini ciwo.

Na ce masa, "Malam, wannan ba ciwo ba ne, irinsa ke nan. Haka uwata ta shuka shi, haka kakata ta shuka shi." Kakar ƙari na yi, ban taɓa ganin gonarta ba. Ya ce, "Ko hakanan ne," ya zaro ambulan daga jakarsa, ya nemi izinin ganye biyu bayan ya riga ya tsinke su. Ya rubuta wani abu a jiki, ya je famfo ya wanke hannunsa da sabulun da yake yawo da shi a aljihu, sannan ya nufi filin maƙwabciyata. Wanke hannun nan ya fi komai ƙona mini rai. Wato wakena ne ƙazanta.

Maƙwabciyar tawa wata Hajiya ce 'yar Kumasi, mai shagon kitso kusa da 125th Street, wadda babu labarin da yake wuce ta. Kafin la'asar ta kawo mini tarihinsa kaf. Bafaranshe ne, masanin tsirrai, cututtukansu ya karanta. Ubansa manomin inabi ne a kudancin ƙasarsu, wata cuta ta cinye gonar yana yaro, shi kuma maimakon ya tsani cutar sai ya kamu da sonta. Yana saurayi aka tura shi Maraɗi, ya yi shekaru yana bin gonakin gyaɗa da wake yana birkice ganye. Matarsa ta haƙura ta gaji, ta tattara ta koma Faransa, kuma wai sai da aka kwana biyu ya lura. Yanzu ya yi ritaya, ya biyo 'yarsa da take aure a nan, wata jami'a ta ba shi lungu a ɗakin gilashin da suke renon shuke-shuke, ina jin don ya daina damunsu. Aikinsa ke nan, ya hau bas ya bi lambunan Bronx ɗaya bayan ɗaya da jakar ambulan. Wai ya ce babu inda ya kai birnin nan daɗi a duniya, tunda kowane baƙo yana zuwa da irin garinsu, kowane iri kuma da cutarsa.

Na ce wa Hajiya, "Kin ji ko? Mutane suna zuwa New York neman abinci, shi ya zo neman ciwo." Ta yi dariya har da tafawa, ta ce, "Rabu da shi, 'yar'uwa, mutumin nan ba shi da aiki koraa, ko kaɗan."

Duk Asabar sai ya zo. Bai taɓa tambayar yara ba, bai taɓa tambayar aiki ba, bai san ana cewa ya gajiya ba, shi da ya yi shekaru cikin Hausawa. Ina mamakin me mutanen Maraɗi suka koya masa ban da sunayen ƙwari. In ya ga shuka lafiyayya sai ya wuce kamar bai gan ta ba. In ya ga wadda ta kwanta tana rawaya, nan zai durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya yi rabin awa yana mata magana ƙasa-ƙasa da Faransanci. Wata rana ya kira ni ya miƙo mini gilashin wuyansa, ya ce in duba ƙarƙashin ganye. Na duba don in huta. Wasu ƙananan ƙwari ne baƙaƙe sun yi cincirindo, irin waɗanda manomanmu suke kira darɓa. Ya ce su ne masu dakon ciwon. Su tsotsi ganyena, su tashi su sauka a na wani su tsotsa, shi ke nan sun kai masa. Ciwon kuma yana shiga har cikin ƙwayar wake, ya kwanta a kwalba duk tsawon sanyi, ya tashi tare da tsiro. Babu maganin da ake fesawa, sai dai a tuge.

Duk wannan bayanin na fahimce shi sarai. Shekara nawa ina yi wa mutane irinsa a asibiti, ina jin haushin waɗanda suke ce mini ai a gidansu haka jininsu yake. Na miƙa masa gilashinsa na ce Allah ya ba shi lafiya.

Bayan mako uku aka kira mitin ɗin kwamiti a ƙarƙashin rumfar lambu. Shugabarmu wata Ba'amurkiya ce mai son takarda, wadda ko tiyo za a saya sai an kaɗa ƙuri'a. Baturen, wanda na laƙaba wa Likitan ganye, ya zo da sakamakon gwaji da hotuna, ya shimfiɗa su a tebur. Ga ganyena, ga na Hajiya, ga na matan Dominika guda uku, duk zane iri ɗaya. Ya yi bayani da Turancinsa mai kama da tari, kuma tsakani da Allah, bai ambaci sunana ba. Ba ya bukata. Cewa kawai ya yi cutar ta fi ƙarfi a fili na tara, daga nan ta bazu, kuma zai so ya san yadda aka yi iri ɗaya ya shiga hannun mutane da yawa haka. Kowa ya juyo ya kalle ni, mai fili na tara. Mutanen da suka karɓi sadakata da hannu biyu.

Hajiya 'yar Kumasi ce ta fara magana, ita da muka tafa. Ta ce, "Gaskiya dai, 'yar'uwa, tun da na plant waken nan naki, beans nawa duka ya lalace paa. Na yi shiru ne saboda mama naki." Saboda mamana! Na dube ta na ce, "Hajiya, ashe kunya kike da ita haka? Ban sani ba." Na tashi tsaye na yi jawabi, wanda har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙasa. Na ce Turawa sun saba, duk abin da ba su sani ba sai su sa masa sunan cuta. Na ce kafin a haifi kakansa muna noman wake. Na ce wannan gadon uwata ne, duk wanda ya taɓa shi ya taɓa kabarinta. Shi kuwa yana zaune yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa labaran rana. Da na gama ya nuna ni ya ce, "Hajiya tana da gaskiya, sun riga mu noman wake," sannan ya juya ga shugaba ya ce a tuge kafin ƙarshen mako.

Aka kaɗa ƙuri'a. Hannuna ne kaɗai bai tashi ba.

Ni na tuge nawa da kaina, ban yarda kowa ya sa hannu ba. An ce kada a zuba a ramin taki, sai a baƙar leda a ɗaure a kai shara. Na cusa waken Inna a ledar shara ina kuka, ba na ɓoyewa, shi kuma yana tsaye daga gefe da malafarsa yana jira in gama. Da na ɗaure bakin ledar ya matso ya ce yana son kwalbar irin. Na ce sai dai bayan raina. Ya ce kwamiti ya hana a sake shuka shi a nan sai ya bi ta hannunsa, kuma ba kowace ƙwaya ce take ɗauke da ciwon ba, ko uwar tana da shi ana samun 'ya'ya masu lafiya. In na ba shi zai shuka su ɗaya-ɗaya a cikin gidan sauro, ya gwada kowanne, ya fitar mini da masu kyau. Na yi kwana huɗu ina zaginsa a zuci. A na biyar na kai masa rabin kwalbar, na ajiye a kan benci ban ba shi a hannu ba.

Sau ɗaya na je ɗakin gilashin nasa, cikin watan Janairu, wai in ga abin da yake yi da kayana. A waje ƙanƙara ta kai idon sawu, a ciki kuwa zafi da laima kamar Kano a watan Agusta, har gilashin idona ya yi hazo. Lungun nasa yana can ƙarshe, bayan kayan ɗalibai. Ya jera ƙananan kofuna a kan tebur, kowanne da tsiro ɗaya da lambarsa, an lulluɓe su da raga. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ya rubuta ranar da kowanne ya tsiro da ranar da ya fitar da ganyen farko. Ba na tsammanin ya san ranar haihuwar jikokinsa haka. Duk wanda ya nuna zane ya cire shi. Waɗanda ba su nuna ba ma bai yarda da su ba, sai ya yanki ganye ya niƙa ya kai gwaji. Abincinsa na rana yana gefe, busasshen burodi da cuku mai wari, kusa da buhun taki.

A wani keji daban na hango guda ɗaya, zane ya cinye shi, ganyen duk ya murɗe. Na ce wannan fa? Ya ɗan sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya, ya ce wannan nasa ne, ya riƙe shi don kallo. Na ce a raina, kai jama'a, ni an sa ni na zuba nawa a shara, shi ga shi yana kiwon nasa a keji yana ba shi ruwa. Na tambaye shi, shekara nawa yana wannan aiki, cuta nawa ya kashe? Ya yi tunani da gaske, ya ce ko ɗaya. Ya ce ba a kashe su, sai dai a san su. Na ce lallai an yi asarar kuɗin makaranta.

A watan Mayu ya kawo mini ambulan, da irin da ya samu daga waɗanda suka tsallake gwajinsa. Na karɓa ban ce na gode ba. Na shuka da zafi ya shigo. Suka fito kore shar, ganye faffaɗa sumul, babu ɗigo ko ɗaya. Suka yi yaɗo suka haye katako suka shiga hanya. Da suka fara 'ya'ya sai da na nemo sanduna na tokare su. Masu wucewa suna tsayawa suna ɗaukar hoto. Hajiya 'yar Kumasi, ba kunya ba tsoron Allah, ta zo tana cewa in ajiye mata iri. Likitan ganye ya zo sau biyu ya birkice ganye, bai sami komai ba, fuskarsa ta faɗi, daga nan bai ƙara tsayawa a filina ba.

Ni kuwa ina kallon waken nan ba na jin komai. Waken kowa ne, irin wanda za ka gani a kowace gona a bakin titi. Na ba shi gadon uwata ya wanke shi tas ya miƙo mini abin da ban sani ba. Haushin ya taru ya tokare ni, wata Lahadi da rana ina tsaye a lambun na ɗauki hoton waken na tura wa Yaya, na bi shi da kira.

Na ce, "Yaya, kin ga abin da wani Bature ya yi wa waken Inna? Ya kashe zanen gaba ɗaya."

Ta ce, "Wane zane?"

Na ce, "Zanen ganye mana. Irin wanda Inna take aikena in tsinko."

Sai na ji ta fashe da dariya, irin dariyar da take yi mini tun ina ƙarama in na sa zani a baibai. Ta kira mutanen tsakar gida tana cewa ku zo ku ji Auta. Da ƙyar ta tsaya ta ce, "Ke Auta, masu zanen ai marasa lafiya ne. Inna ta san ba za su yi 'ya'yan kirki ba, shi ya sa take cewa a cinye ganyensu, daga baya ta tuge su ta ba awaki. Wa zai bar yarinya ta tsinke ganyen wake mai kyau? Na iri ma can ƙarshen gona take barinsu, ko mu ba ma zuwa wajen sai da ita."

Na ce, "Amma ni ban taɓa ganin..."

Ta ce, "Ina za ki gani? Ke da kike zuwa hutun damina ki koma makarantar kwana kafin wake ya yi fure. Daga can sai Kano, daga Kano sai Amurka. Lokacin kaka bai taɓa samunki a gida ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, lissafi kawai take yi, kuma daidai ne. Sai ta ce in dakata ta sake duba hoton. Na ji numfashinta a wayar, dariyar ta tafi. Ta ce, "Wannan kam shi ne waken Inna. Haka yake cika mata gona. Kai, Allah ya jiƙan Inna."

Na ce amin. Muka yi sallama.

Shekara huɗu ina tattalin abin da uwata take ba awaki, ina rabawa mutane da sunanta, na kuma tsaya gaban jama'a na yi rantsuwa da kabarinta a kai. Na zauna a bakin katakon da wayar a hannuna, ina kallon waken da Inna ta yi shekara da shekaru tana zaɓa a ƙarshen gona, ina da shekara hamsin da biyu, ranar na fara ganinsa.